Hular Da Aka Sa Wa Baba

Ni na riƙe wa tsohon hannu ranar da aka sauko da shi daga mota. Shagona na kafinta manne yake da ƙofar gidan ɗansa, a wurinsa nake haya, don haka duk abin da zai shiga gidan ko ya fita sai ya bi ta gaban teburina. Tsohon dogo ne, ƙashi ya fi nama yawa, tafin hannunsa kamar katakon da ba a goge ba. Ya tsaya yana laluben dakali da ƙafa.

"Wane ne wannan mai warin katako?"

"Kafinta ne, Baba. Sannu da hanya."

"To kafinta, ga aiki na kawo, sai dai ba naka ba ne. Idon hagu ya tafi bai yi sallama ba, na dama kuma yana ɗaure kaya. An ce likitan birni zai tare shi. Ranar da ya gama, ko ruwanku ba zan tsaya sha ba."

Ɗan nasa ya yi dariya, ya karɓi hannun daga wurina. Mai Rasit muke ce masa a layinmu. Shi ke riƙe da kwangilar shingen da ke bakin hanyar ƙauyensu, inda ake karɓar haraji. Buhu zai fita, a biya. Akuya za ta kasuwa, a biya, in ba ta sami mai saye ba ta dawo, a sake biya. Da wannan igiyar da ake ɗagawa ana saukewa ya gina bene, ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi.

Aka kai Baba ɗakin baya, kusa da janareta. Sabuwar katifa, fanka, nama a abinci. Maƙwabta suka yi ta shiga gaisuwa, suna fitowa suna cewa Allah ya ba mu 'ya'ya irin wannan.

Direban gidan ne ya fara ɓata min rai da gaskiya. Ya zo ya zauna kan wata kujera da ban gama haɗawa ba, yana ɓare gyaɗa yana watsa min ɓawon cikin garin katako.

"Shekara nawa tsohon nan yana fama da ido, wa ya tuna da shi? Sai da ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce bana ba zai sake zaɓen Shugaba ba, sannan aka ce in zuba mai mu je mu ɗauko shi."

"To sai me? Ƙuri'a ɗaya gare shi kamar ni."

"Kai taka kana jefawa?"

"In layi bai yi tsawo ba."

"Ka ji ɗan birni."

Bai yi ƙarya ba. Mu a birni baki gare mu, ba mu da ƙafa. Ma'aikaci zai zauna wurin mai shayi ya zagi masu mulki har shayinsa ya huce, ranar zaɓe kuma ya miƙe a falo da talabijin. Waɗanda suka fito, rabi nan rabi can. Mutanen ƙauye ba sa surutu, amma har mai jego tana fita, kuma akwatinsu ba ya rabuwa. Titi da fitila a nan ake yin su. Kuɗin da ƙuri'ar daga can suke zuwa.

A ƙauyen su Mai Rasit kuwa ba a tambayar wa za a zaɓa, ana tambayar ina Baba ya tsaya. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya. Mutum ne kawai da ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Ranar zaɓe shi ne farkon layi. Zai faɗi sunan wanda zai dangwala wa da ƙarfi, sau ɗaya, sauran su bi bayansa. In Shugaba ya rasa wannan akwatin da na ƙauyukan da ke kallonsa, ya faɗi. In ya faɗi, igiyar shinge ta bar hannun Mai Rasit.

"Asibitin fa?" na ce.

Direba ya leƙa waje kafin ya amsa.

"Mun je. Ina riƙe da sandar tsohon, sai likita ya ja maigida gefe. Ya ce ruwa ya taru a na daman yana danne jijiya, a dawo da shi cikin makon a yi aiki. In jijiyar ta mutu ba mai tashe ta. Ni ban faɗa maka komai ba, ina da iyali."

Makon ya wuce. Wani ya bi bayansa.

Da farko Baba kan fito da safe ya zauna a bencin shagona. Yana son ƙarar zarto. Yakan ɗauki guntun katako ya shinshina ya faɗi icen da aka yanko, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya zuba ƙarya ya dage a kanta har in sallama.

"Kafinta, yau me ka gani a sama?"

"Hadari ya haɗo ta gabas."

"Haka na ji a gwiwata. Gona tana can ba a share ba, ni ina nan ana kiwona kamar ragon sayarwa. Yaron nan ya ce jinina ne ya hau, sai ya sauka za a taɓa idon. To jinin da bai ga gona ba ta ina zai sauka?"

Wayarsa 'yar ƙarama aka karɓa wai za a canja mata batir. Ba ta dawo ba. Na miƙa masa tawa ya kira gida, ya yi dariya ya ce shi bai san lambar kowa ba, kiransa ake yi ya danna kore.

Wata safiya bai fito ba. Na tambayi matar gidan a bakin ƙofa, ta ce maigida ya ce ƙurar katako tana ƙara ɓata idon.

"Likita ne ya faɗa?"

"Maigida ne ya faɗa."

"Kin san an ce a mayar da shi asibiti?"

Ta gyara mayafinta, ta dubi ƙasa.

"Kafinta, ni me zan ce? Ubansa ne, ɗansa ne. In na sa baki a ce suruka ta shiga tsakanin ɗa da uba. Ni dai abincinsa ba ya makara, ruwan wankansa ma da kaina nake dafawa."

Mutanen ƙauyen sun zo. Na gan su, dattawa, da ƙura har gwiwa, ɗaya yana riƙe da kaza a hammata. Maigadi ya ce Baba yana barci. Suka zauna a inuwar shagona har rana ta karkata. Aka sake fitowa aka ce likita ya hana a dame shi, aka karɓi kazar aka yi godiya. Na ce musu tsohon nan idonsa biyu, hana ku ganinsa aka yi. Wani gurgu a cikinsu, wanda daga baya na san maƙerin garin ne kuma abokin Baba tun suna yara, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai wane ne a gidan?"

"Ɗan haya."

"To ɗan haya, mun ji."

Suka tafi su kama motar ƙarshe.

Ranar hular ina cikin gidan. Ƙyauren kabad ɗin kicin ne ya ɓalle, aka kira ni. Ina tsugune a tsakar gida ina goge shi sai ga Mai Rasit ya fito da Baba, ya zaunar da shi kan farar kujera inda haske yake. An sa masa sabuwar riga. Tsohon ya rame, wuyan rigar yana yawo. Hasken rana yana dukan fuskarsa ko ƙiftawa ba ya yi sosai.

"Baba, likita ya aiko da wannan. Ya ce ka riƙa sawa, tana tare haske."

Hana-sallah ce, irin wadda ake rabawa a wurin taro. Fuskar Shugaba ce ƙato a gabanta, da tambarin jam'iyya. Baba ya shafa ta, ya cire tsohuwar hularsa ya ɗora a gwiwa, ya bari aka sa masa.

"Yau na zama ɗan ƙwallo," in ji shi.

Wani mutum da ban sani ba yana tsaye da na'urar ɗaukar hoto a gefen tankin ruwa. Mai Rasit ya sunkuya kusa da kunnen ubansa.

"Baba, albishirinka. Jinin ya sauka. Gobe za a yi aikin."

Ban taɓa ganin fara'a irin wannan a fuskar tsohon ba. Duk haƙoran da suka rage masa sai da suka fito. Ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah. Na ji na'urar ta yi ƙas, ƙas, ƙas.

Na miƙe da guduma a hannuna. Ban kai ga buɗe baki ba Mai Rasit ya riƙo gwiwar hannuna, ya fita da ni har waje kamar mai raka baƙo.

"Ka gaya masa abin da ke jikin hular?" na ce.

"Kafinta, zauna." Shi ya zauna a bencina, ya share garin katako da hankici tukuna. Bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ɗaga murya ba. "Kai gani kake ni mugu ne. Fankar da ke kansa, naman da yake ci, kuɗin aikin idon ma, daga ina suke? Daga shingen da yake zagi. Kana tsammani in Shugaba ya faɗi wanda ya hau zai kwance igiyar? Ƙaninsa zai miƙa wa. Mutanenmu su ci gaba da biya, ni in koma tsaye a tasha, 'ya'yana su dawo gida. Wa ya ci riba? Baba ba ya lissafi, zuciya kawai yake bi. Ni ke yi masa lissafin."

"Gobe za a yi aikin?"

"Za a yi."

"Gobe?"

"In an buɗe masa ido yau, gobe yana tasha. Kai ma ka ji shi. Kwana nawa ya rage a yi zaɓen? Ido ba gudu zai yi ba."

"Likita ya ce zai gudu."

Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya dubi rufin shagon, ya dubi katakon da na jingine.

"Hayar nan taka ta kusa ƙarewa ko? Ka tuna min in lokaci ya yi."

Daga ranar aka gaya wa maigadi kada in ƙara taka cikin gidan. Ƙyauren kabad ɗin ma waje aka miƙo min shi. Goben ta zo, mota ta fita ba Baba. Direba ya ce an gaya wa Baba wai likita ya yi tafiya. Bangon bayan shagona shi ne na tsakar gidan, in janareta ya mutu ina jin tarinsa, ina jin sandarsa tana bugun bango tana neman ƙofar banɗaki. Da can sau ɗaya take bugawa ta samu. Yanzu sai ta yi ta yawo.

Saura 'yan kwanaki zaɓe Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aure a ƙauyen. Ta sauka daga babur da tsakar rana, ko kallon maigadi ba ta yi ba, ta ture shi da kafaɗa ta wuce. Ƙofa ta zauna a buɗe, na bi bayanta.

Ɗakin yana warin hayaƙin janareta da magani. Baba yana zaune a bakin katifa, hular tana kansa.

"Baba, nawa aka ba ka?"

"Auta ce? Matso in ji ki. Babu gaisuwa?"

"Gaisuwa tana zuwa. Nawa aka ba ka? Mijina ya daina zama cikin mutane. 'Ya'yana in sun je rijiya jikokin mai hula ake ce musu. Kai da bakinka ka ce ko za a yanka ka ba za ka zaɓi Shugaba ba."

Ta zaro wata takarda a naɗe daga jakarta, ta warware. Hoton ne, babba, an yago shi daga bango. Wani ya shafa wa fuskar kashin shanu, ya bushe. Ta danna masa a hannu. Ya karɓa, ya juya, ya kawo shi har yana taɓa hancinsa. A kife ya riƙe shi.

Auta ta ƙura masa ido. Ta ɗaga hannunta ta kaɗa a gaban fuskarsa.

"Baba, me ke hannuna?"

"Ina hannun?"

Ta zauna a ƙasa kamar an sare ta. Da ƙyar ta faɗa masa. Shi ne a hoton, da hular Shugaba, yana dariya, hannu a sama. A ƙasa an rubuta wai Baba ya dawo hanya, kowa ya biyo shi. An manna a kasuwa, a bakin rijiya, a jikin shingen, har a ƙofar gidansa.

Baba ya kai hannu kansa a hankali ya cire hular. Ya bi gabanta da babban yatsa, inda fentin ya yi tudu.

"Nan ne fuskar?"

"Nan ne, Baba," na ce.

"Kafinta, kana nan ashe." Ya ajiye ta a kan katifa, bai jefar ba. "Da ita nake kwana. Har addu'a nake wa likitan da ya aiko min."

Auta ta kira maƙerin a wayarta, ta sa a kunnen ubanta. Muryar tana fitowa har inda nake.

"Maƙeri, ni ne. Abin da kuka gani ba ni ba ne. Ni ne, amma ban sani ba."

"Na ji murya."

"Ka gaya wa mutane ina nan inda nake."

"Murya ba ta tsayawa a layi. Mun zo ƙofarka da ƙafarmu aka ce kana barci. Yanzu mun ga irin barcin, har da sabuwar riga. In ƙarya aka yi maka, ɗanka ne ya yi, ku kuka san tsakaninku. Ka zo ka tsaya inda ka saba tsayawa mu ga fuskarka. Ban da wannan ba abin da zan iya gaya wa kowa."

Wayar ta mutu.

"Auta, ba ni takalmina."

Muka duba ƙarƙashin katifa, bayan ƙofa. Babu takalmi a ɗakin. Ya ce a bar shi, ya miƙe haka, ni a dama ita a hagu. Matar gidan tana tsaye a ƙofar kicin da waya a hannu, ta juya mana baya. Simintin tsakar gidan ya ɗauki zafi, tsohon bai ɗaga ƙafa ba. Mun kai bakin ƙofa ke nan hancin motar Mai Rasit ya shigo.

Ya fito ya durƙusa har ƙasa a gaban ubansa, da manyan kayansa.

"Baba, ina zuwa da ranar nan?"

"Gida."

"Ai nan ma gida ne. An sa ranar aikin, washegarin zaɓe. Wannan karon na rantse."

"Na bar maka idon. Ba ni hanya."

"Baba, ba ka da lafiya."

"Ni na koya maka tafiya a kan ƙafarka. Ba ni hanya in yi tawa."

Mai Rasit ya juya wurin ƙanwarsa.

"Ke kuma kin zo kin tayar masa da jini. In ya faɗi a hanya, ko ya makance a hannunki, ke za ki amsa. Kina da kuɗin asibiti? Mijinki yana da shi?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa ba zan bar ubana ya bi titi ba takalmi ba."

Ya miƙe, ya sa hannu ɗaya a bayan tsohon ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗauke shi cak. Baba ya buga masa ƙirji da hannu, bugun da ko kaza ba zai kora ba. Mutane sun taru a waje suna leƙe. Na ji wata mata tana cewa, ku ga yadda yake ɗaukar mahaifinsa, Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Maigadi ya fitar da mu, ni da Auta, ya ja ƙofa.

Da yamma Mai Rasit ya aiko in zo in sa wa ɗakin baya sakata ta waje, wai tsohon ya fara ruɗewa, kada ya fita ya faɗa rami. Na ce a gaya masa hannuna yana ciwo. Aka kira mai walda daga wani layin. Ina jin ƙarar injinsa ta bango.

Na je wurin dattawan layinmu inda suke zama. Na faɗa musu komai, ban rage ba. Ɗaya ya ce tsakanin ɗa da uba ba a shiga. Ɗaya ya ce tsofaffi haka suke, nasa uban ma sai da aka riƙa rufe shi. Wani tsohon ma'aikaci, wanda ya fi kowa zagin Shugaba a wurin mai shayi, ya ce, "Mutumin da ake ba nama kullum shi ne ake zalunta? Kafinta, ka je ka ga yadda wasu ke yi da iyayensu." Auta ta koma ta faɗa a ƙauye. Aka ce 'ya ce, dole ta rufa wa ubanta asiri, kuma wanda aka tilasta ba ya irin wannan dariyar.

Ranar zaɓe aka kawo wuta tun safe, abin da muka manta rabonmu da shi, janareta ya yi shiru. Titi ba mota. Na je na jefa tawa, layin bai kai tsawon bencina ba. Na dawo na zauna a shago ban buɗe ba. Ta bango ina jin bugun ƙofa, ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kafa ƙusa a itace mai tauri. Can ya tsaya. Sai na ji muryar Baba, a tsaye take, irin wadda ban taɓa jin ya yi a gidan ba. Ya faɗi sunan wanda zai zaɓa. Sau ɗaya. A falo aka ƙara ƙarar talabijin.

Birni ya rabu kamar kullum. Akwatunan ƙauye suka ɗauki Shugaba suka mayar da shi kujera. A garin su Baba rabin mutane sun bi hoton, sun ce in har Baba ya juya to akwai abin da ya sani. Sauran suka tafi gona, suka ce in Baba ma yana da farashi to ba wanda ya cancanci a tsaya masa a rana.

Mai Rasit ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Washegari da sassafe aka kai Baba asibiti. Direba ya ce likita ya haska fitila a idon, ya sake haskawa, ya kashe ta, ya tambayi me ya sa sai yanzu. Maigida ya ce tsohon ne ya yi ta gardama, ka san mutanen ƙauye da tsoron wuƙa. Baba yana zaune yana ji. A layinmu aka yi ta zuwa jaje. Mai Rasit yana karɓa yana cewa mun yi iya ƙoƙarinmu, haka Allah ya ƙaddara.

Sannan aka cire sakatar, aka nemo takalmin, aka mayar da shi gida da buhun shinkafa da sabon bargo.

Kafin a girbe amfanin gona aka ƙara kuɗin shinge. Yanzu har kaza tana biya. Waɗanda suka bi hoton suka ce Baba ya kai su ya baro. Waɗanda suka tafi gona suka ce dama sun faɗa. Wanda ya riƙe igiyar ba a zaginsa a fili, don gobe ta gabansa za a wuce. Makaho kuwa ba ya tsare wa kowa hanya, shi ya sa duk fushin ya sauka a kansa. Ɗansa yana nan, an ƙara masa shinge na biyu, a taro ana kiransa gaba ya zauna. Ba a kai shi ƙara ba, don ba wanda ya san sunan laifin. Bai doki ubansa ba, bai hana shi abinci ba. Ya ɗauki abu ɗaya da tsohon ya tara a duniya ya kashe a kan kwangila, ya haɗa da idon.

Na bar shagon, hayar ba a sabunta ba. Bayan na sami wani wurin na shiga mota na je ganinsa. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, fuska ga hanya. Auta ta kankare hoton daga ƙyauren, amma gam ɗin ya bar tabo. Na gaishe shi, ya kama hannuna ya shinshina ya yi 'yar dariya.

Ranar kasuwa ce, hanyar ba ta rabuwa da mutane. Ido ya tafi, kunne ya karɓi aikin. Duk wanda ya taho ya san shi da sawunsa.

"Mai Kifi, an dawo lafiya?"

Mutumin ya wuce.

"Tela, ya jikin mai ɗakin?"

Shi ma ya wuce, har da rage sawu.

Can sai ga tafiyar gurgu, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Baba ya gyara zama, ya gyara wuyan rigarsa.

"Maƙeri."

Maƙerin ya tsaya. Ya dube shi, ya dube ni. Bakinsa ya motsa. Sai ya gyara buhun da ke kafaɗarsa, wanda ya biya wa kuɗi a shinge bai sayar ba, ya ci gaba da jan ƙafarsa.

"Kunnensa ya yi nauyi," in ji Baba. "Guduma ce, tun muna samari nake gaya masa."

Muka zauna. Daga nesa na hango wasu mutane sun taho, suka hango tabarmar, suka yi ƙus-ƙus, suka karkata.

"Kafinta, akwai mai zuwa?"

"Ba kowa, Baba."

"Akwai," ya ce. "Ta bayan gida suka bi."